Sunana a Jaridar Mista Hargrove

A garinmu da ke jihar Mississippi ta Amurka, duk baƙar fatar da ya je rajistar zaɓe, sai jarida ta yi mako biyu tana buga sunansa. Wai don a binciki halinsa ne. Ƙarya suke yi, so suke masu gida su san wanda za su kora, masu ƙona gidaje kuma su san inda za su nufa.

Na san da haka, amma na je ranar Talata. Ranar Alhamis jarida ta fito, kuma ni ce mai kai ta ga Mista Hargrove, Baturen da nake yi wa girki shekara goma sha tara. Gidan katakon da nake zaune da jikokina biyu ma a filinsa yake.

Tun a bakin ƙofa na leƙa shafi na uku. Ga sunana nan baro-baro: Ozella Crenshaw. Na yi tunanin cusa ta a murhu in ce kare ya yaga, sai na tuna ta mako mai zuwa tana tafe.

Na ajiye masa ita gefen ƙwai da naman alade. Na zuba masa kofi. Ya buɗe, ya bi sunayen da yatsa yana tsaki. A kan na farko ya ce direban wane ne, yau zai kwana ba aiki. A kan na biyu ya ce dama ya ga take-takensa. Da yatsan ya iso kan sunana, sai ya tsaya.

"Anti, zo nan."

Na matso.

"Wace ce wannan Ozella Crenshaw ɗin? Kin san ta?"

Na kalle shi, na ga da gaske yake. Shekara goma sha tara yana cin abincina, Anti kawai ya sani. Tsoro bai sake ni ba, ga kuma baƙin ciki.

"Ranka ya daɗe, mu da yawa ne a cocinmu."

"To, ran Lahadi ki binciko mini inda take zaune. Ke na yarda da ke, ba irinsu ba ce."

Na ce to, na ƙara masa kofi.