Tutar Garin Masunta

Shekara goma sha huɗu Yero ya yi a wani ƙaramin gari na bakin teku a Italiya, yana ɗinkin komar masunta da gyaran kifi a tashar jiragen ruwa. Da gwiwa ta hana shi tsayuwa, sai ya tattara ya dawo. Bai tarar da gida ba. 'Yan bindiga sun tashi rugarsu ta wajen Kumbashi, dangi sun watse. Yayarsa Adda ce ta ba shi ɗaki a Kontagora.

Cikin kayansa akwai tutar garin nan na Italiya. Tsohon masuncin da ya yi wa aiki ne ya kwance ta daga jirginsa ya ba shi ranar sallama. Rabi shuɗi, rabi fari, tambarin gari a tsakiya: hasumiya bisa dutse, kifi a ƙarƙashinta. Gishiri da rana sun cinye shuɗin, gefe duk ya zare.

Wata Laraba ya kai tutar wurin Nazifi tela a kasuwa, don ya ɗinke masa gefen da ya zare.

"Baba, wace ƙungiyar ƙwallo ce wannan?"

"Ba ƙwallo ba ce, gari ne." Yero ya ɗora yatsa kan hasumiyar. "Tana nan har yau. A gindinta nake cin abincin rana. A da, daga samanta ake hango 'yan fashin teku, a kaɗa ƙararrawa, mutane su gudu."

"To," in ji Nazifi, idonsa na kan keken ɗinki. "Ka dawo jibi."

Yero yana da sauran magana, amma wata mata ta shigo da atamfa, sai ya fita.

Da ya koma, Nazifi ya warware masa ita yana murmushi. Ya yanke tsohon shuɗin gaba ɗaya, ya sa sabon yadi mai sheƙi, ya wanke, ya goge. Yero ya kai ta hancinsa. Ƙamshin sabulu kawai.

"Ina wanda ka cire?"

"Ai na share man keke da shi, Baba."

Yero ya yi godiya, ya ce ɗinki ya yi kyau.

A gida Adda ta jujjuya ta, ta ce za ta yi daidai da ƙofar ɗakinsa, tunda ba labule. Ya ce ta rataya. Bayan la'asar ya shiga ya zauna a bayanta, ya miƙe ƙafar, yana jin maƙwabta suna hira a tsakar gida.