Fuskar Bartola

"A'a, Zanobi, ba zan sake kawo maka Bartola ba. Kuma ka daina mini ihu daga kan tsani, ba kurma ce ta haife ka ba."

Monna Ghita ta ci gaba da niƙa shuɗin fenti a kan dutse, ko kallon ɗan nata ba ta yi ba. Wani attajirin ulu na nan birnin Firenze ne ya ba shi aikin zanen: sarauniyar tatsuniyar Girkawa da ta yi wa wata allahiya gorin haihuwa, aka bi 'ya'yanta da kibau har aka gama da su. A ɗakin cin abinci za a rataye shi, wai don matan gidan su koyi ƙanƙan da kai.

Kibau sun fito, gawarwaki sun fito. Fuskar uwar ce ta gagara.

* * *

Tun farko Ghita ce ta kawo dabarar a samo wadda za a kwafi fuskarta. Maƙwabciyarta Bartola mai wankau, annobar bara ta kwashe mata yara kaf. Da miyar wake da burodi aka jawo ta.

"Monna, ni ce sarauniya? Da wannan hancin?"

"Su ma da hanci suke numfashi. Zauna, 'yar nan."

Ta zauna yini guda, fuska kamar bango. Hawayenta sun daɗe da ƙafewa. Zanobi ya fara zage-zage. Sai Ghita ta sunkuya kamar za ta gyara mata mayafi, ta ce, "Jiya na ga wani yaro a kan gada, tafiyarsa sak ta ɗanki Lapo."

Ghita kuwa ba ta ga kowa ba.

Bartola ta fashe da kuka. Zanobi ya yi ta zane, yana cewa kar ta motsa. Tun ranar, Bartola ta bar wanki. Kullum tana kan gada, tana leƙa fuskokin 'ya'yan mutane.

* * *

Yanzu kuma wai attajiri ya duba, ya ce kukan bai kai ba, a ƙara.

Ghita ta goge hannu a zaninta. Ta ja kujerar da Bartola ta zauna, ta kai inda haske ke sauka, ta zauna a hankali saboda gwiwa.

"Sauko ka zana tawa. Ni ma, kamar sarauniyar taka, na cika unguwar nan da alfahari da ɗana."