Murjanin Obadiah da Ruwan Fatakwal

"Ajiye kwalban nan, Emilia! Na ce ki ajiye shi!"

Cikin wannan tsawa na yi sallama a gidan maƙwabcina Obadiah, wata safiya a daminar alif ɗari tara da casa'in da uku. Na tarar da 'yarsa Emilia tsaye a gaban babban akwatinsa na gilashi, riƙe da kwalbar maganin da ake fesa wa gonar citta, har ta cire murfi. Shi kuwa yana kan gadon da aka fito masa da shi falo, ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago, abin da bai iya yi ba tun da likita ya sallamo shi ya ce a kai shi gida ya huta.

"Masta, gara da ka zo," in ji shi yana haki. "Wannan yarinya zai kashe mini teku."

"Baba Alhaji, duba fa," in ji Emilia, idanunta cike da ƙwalla. "Ƙwari ne, wannan kuma maganin ƙwari ne. Ya ƙi cin abinci, sai kallon su yake yi. Ni na gaji."

Na karɓi kwalbar, na rufe ta, na fitar da ita waje.

Obadiah ya yi ƙuruciyarsa a ɗakin injin jiragen ruwa masu ɗaukar kaya, shi ya sa nake kiran sa Kyaftin, ko da yake bai taɓa riƙe sitiyari ba. Shi kuma yana kira na Masta, domin ni Dalhatu na riƙe tashar jirgin ƙasa kafin in yi ritaya. Da ya dawo Kafanchan, maimakon ya dawo da mota kamar takwarorinsa, sai ya dawo da wannan akwati cike da ruwan gishiri, da duwatsu, da ƙananan kifaye biyu. A kan duwatsun akwai murjani. Mu nan murjanin da muka sani shi ne wanda mata ke ratayawa a wuya. Nasa mai rai ne: idan rana ta ratso ta farin kwanon da ya sa a rufin falon, sai ya buɗe kamar furen kuɓewa, kore da ruwan ƙasa, yana kaɗawa a hankali. Ruwan kuwa daga Fatakwal yake zuwa cikin jarkoki, a hannun direbobin jirgin kaya waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina. Wannan tsari ni na kafa shi, kuma bai taɓa karyewa ba.

A ranar, murjanin duk ya rufe, ya ƙanƙance kamar busasshen tumatir. Waɗansu tsutsotsi masu faɗi, ja-ja kamar tsatsa, kowacce ba ta fi ƙwayar riɗi ba, sun lulluɓe shi sun tare masa haske. Sun biyo wani sabon dutse ne da aka kawo masa kafin ya kwanta.

"Masta," in ji Obadiah bayan ya koma kan filo, "ni zan tafi, na sani, ban ji tsoro ba. Amma ba na so in bar shi a rufe. Shekaru na riƙe shi a garin da babu teku. In tafi in bar shi a hannun tsutsa?"

Na ce masa, "Kyaftin, an taɓa yin wannan shari'a, kuma mu muka ci. Ka manta shekarar tamanin da bakwai?"

A waccan shekara, da gari ya rikice, Obadiah ya kai iyalinsa garinsu, Fadan Kagoma, akwatin kuwa a zaurena ya zauna har ƙura ta lafa. A nan tsutsotsin suka fara bayyana, kuma a gabana ya yi maganinsu bayan ya dawo. Na riƙe tsarin kamar yadda nake riƙe dokar shigar jirgi tasha. Da farko a zuƙe su da siririyar roba. Sannan a riƙa ciro duwatsun ana tsoma su cikin ruwan rijiya na ɗan lokaci, domin ba sa jure ruwan da babu gishiri. Magani shi ne na ƙarshe, kuma ba a sa shi sai sabon ruwan teku yana ajiye a gefe, saboda jikin tsutsotsin yana da dafi. Idan suka mutu da yawa a lokaci guda, dafin ya gauraya da ruwan, zai kashe murjanin da kifayen kafin la'asar.

Jarkokin gidan kuwa duk babu komai a cikinsu. Na je tasha na aika saƙo Fatakwal, muka fara aiki.

Emilia ta samo robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, muka riƙa zuƙe tsutsotsin muna tace ruwan da ƙyalle muna mayarwa. Wajen tsoma duwatsu, ma'aunin Obadiah shi ne Addu'ar Ubangiji ta Kirista sau ɗaya, ba gaggawa, ba ja. Ni tun a wancan karo na gwada na ga tsawonta ya zo kusa da na Fatiha. Saboda haka ita tana tsomawa tana karanta tata a fili, ni ina riƙe da roba ina karanta tawa a zuci, muna kai Amin kusan tare, tsutsotsin suna zubowa ƙasan bokiti kamar garin barkono.

Jibir, Bafulatanin da ke kawo mana madara daga rugarsu ta hanyar Manchok, shi ya kawo maganin, irin garin da suke ba shanu don tsutsar ciki. Ya leƙa akwatin ya girgiza kai.

"Kyaftin, garken nan naka ba nono, ba nama, ga ciwo. Ka sayar ka sayi akuya mana."

"Akuyan ka ya taɓa ganin Landan?" in ji Obadiah, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe mai ƙarfi. Kwanaki suka yi ta wucewa, jirgi bai iso ba. Muna zuƙewa da safe, kafin yamma waɗansu sun fito daga ramukan duwatsu. Obadiah ya daina karɓar ko da kunu, magana ta koma raɗa. Wata hantsi Emilia ta tare ni a ƙofa da ƙullin maganin a hannunta.

"Baba Alhaji, mu sa kawai. Idan ya mutu yau fa? Aƙalla ya ga sun mutu kafin shi."

"'Yata," na ce, "ba mutuwarsu yake so ya gani ba. Buɗewar murjanin yake jira. Idan muka sa yanzu, abin da zai gani na ƙarshe shi ne kifayensa a kife."

"Kai dai doka, doka! Doka zai tsayar da ran mutum?"

Na karɓi ƙullin na sa a aljihu, na koma gida, ko da yake na san idan ya cika kafin jirgi ya zo, yarinyar nan ba za ta ƙara kallon fuskata ba.

Washegari matan zumunta na cocinsu suka zo yi masa addu'a, sanye da zannuwansu iri ɗaya, da tukwanen kiɗansu. Suna tsakiyar waƙa sai muka ji shi: dogon kukan jirgi daga kudu, irin wanda kunnena ba ya kuskurewa. Obadiah ya buɗe ido ya dube ni.

"Na Fatakwal," na ce.

Babu mota a kusa, babu amalanke. Shugabar matan, Mama Scholastica, ta ajiye tukunyarta ta ɗaure zani. "Mata, ku tashi! Ruwa ne kawai, ba yau muka fara ɗauka ba." Haka muka ratso Kafanchan daga tasha, ni a gaba da sandata, Jibir a baya yana kora kamar mai kiwo, mata a jere kowacce da jarkar ruwan teku a ka, suna waƙa. Masu shaguna suna fitowa suna tambaya ko biki ake yi. Mama Scholastica tana amsa musu, "Teku muka ɗauko wa Baba Obadiah, ku ba da hanya!"

Obadiah da kansa ya auna maganin, ɗan abin da kan tsinken ashana zai ɗauka, Emilia tana tallafe da shi. Ba a jima ba tsutsotsin suka fara sakin duwatsu suna shawagi, suna jan wani jan zare a bayansu. Muka hau zuƙewa, mata suna miƙa bokiti hannu da hannu har waje. Muka zubar da tsohon ruwa mai yawa, muka zuba sabo, muka cusa gawayi cikin safa muka rataya a bakin famfon da ke juya ruwan akwatin don ya tsotse ragowar dafin. Kifayen suka lafe a bayan dutse, amma ba su kife ba.

Da gari ya waye na dawo. An juya gadon ya fuskanci gilashin. Rana ta hau, ta ratso farin kwanon, ta sauka kan duwatsu. Can sai na gefen hagu ya motsa, ya saki kansa kaɗan, na kusa da shi ya bi, har duk dutsen ya cika da kore yana kaɗawa. Babu ja ko ɗaya.

Emilia ta yi ihu ta rungume Mama Scholastica, sannan ta zo ta durƙusa a gabana. Obadiah ya miƙo hannu na kama.

"Masta," ya ce da raɗa, "mun ci su sau biyu."

"Sau biyu, Kyaftin."

Ya nemi kunu, ya sha cokali kaɗan, idonsa bai bar gilashin ba. Bayan azahar ya cika, fasto yana gefensa.

An kai shi Fadan Kagoma aka binne shi kusa da matarsa. Da muka dawo na shiga yi wa Emilia sallama, na same ta da tsumma tana goge gishirin da ya bushe a bakin akwatin. An naɗe katifar, an jingine gadon a bango. Tabaransa yana nan a kan murfin gilashin inda ya saba ajiye shi, a ƙarƙashinsa kuma kifayen nan biyu suna kewaya murjanin, shi kuwa a buɗe.