Geron Lado a Jakar Goyo

Tumbi ne ya fara jawo wa Zaharaddin wannan magana. Shagon atamfa da shadda gare shi a Dutsin-Ma, daga safe zuwa magariba yana kan benci ɗaya, abinci na zuwa yana tarar da shi, har ta kai in ya sunkuya ɗaukar almakashi sai ka ji nishi. Da likita ya ce jininsa ya hau, ko dai ya motsa jiki ko ya shirya shan magani har abin da hali ya yi, sai mutumin naka ya tsorata. Gudu dai ba zai iya ba, kuma ina shi ina tsalle-tsalle a filin ƙwallo cikin yara. A waya ya ga abin da ya yi masa daidai: mutane na goya jaka mai nauyi su yi ta tafiya da sauri, gumi na zuba, ba wanda ke yi musu dariya.

Ranar kasuwa ya je wurin Bilya mai gwanjon jakunkuna, ya yi ta goyawa yana saukewa kamar mai zaɓen amarya. Wannan igiyarta siririya ce, za ta yanke kafaɗa. Waccan ta yi tsawo, tana dukan ƙugu. Can ƙasan tulin Bilya ya zaro wata baƙa mai faffaɗan hannuwa, da soso a baya, da ɗamarar da ake ɗaurewa a ciki.

"Wai Alhaji mi za ka zuba ciki ne? Makaranta za ka koma?"

"Nauyi kawai za ni sa mata, in riƙa yawo da shi."

Bilya ya dube shi, ya dubi tumbin, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya miƙa masa jakar.

Jaka ta samu, saura abin zubawa. Ya sa rabin bulo, ya dawo gida bayansa ya yi tsami kamar an dake shi. Ya sa duwatsu a tsumma, suka riƙa kai da kawo suna zungurinsa. Ya sa yashi, yashin ya taru a ƙasa yana janyo shi baya, ga shi yana tsiyaya ta ɗinki har cikin wando. Har ya fara tunanin haƙura, sai wata safiya idonsa ya faɗa kan ƙaramin buhun da ke jingine a kusurwar ɗakin ajiya.

Buhun na Gogo Azumi ne, yayar mahaifinsa marigayi Malam Lado, wadda ke zaune a Rawayau. Bayan kaka rumbunta ya tsage, ɓeraye suka samu ƙofa, sai ta sussuke geron irinta, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari, ta ɗinke bakin buhun da hannunta, ta ba Zaharaddin ya ajiye mata a gidansa na siminti har ruwa ya sauka. Kuma ba geron kasuwa ba ne. Iri ne da kakansu ya bari, Malam Lado ya yi shekara da shekaru yana zaɓen zangarniya mafi kyau yana warewa, gajere mai saurin nuna, har mutanen ƙauyen suka sa masa suna geron Lado. Kowa ya koma sabon iri, tsohuwar nan kaɗai ta riƙe shi. Abin da ke cikin buhun nan shi ne iyakar abin da ya rage, kuma Zaharaddin ya san haka sarai.

Ya ce bari ya gwada kawai. Buhun ya shige jakar kamar don ita aka ɗinka shi. Da ya goya, geron ya kwanta luf a bayansa, ya bi lanƙwasar kafaɗa, ba zunguri ba tsiyaya. Matarsa Nana Hadiza ta fito daga kicin ta gan shi yana ɗaure ɗamara.

"Baban Jannat, wannan fa amanar Gogo ce."

"Yau kaɗai. Gobe in sawo na kasuwa in zuba."

Goben nan ba ta zo ba. Kasuwar hatsi ba nisa gare ta da shagonsa ba, amma kullum sai ya ce gobe, don abin da ke jaka ya riga ya zauna masa. Kowace safiya bayan sallar asuba zai miƙe titin Kurfi, ya yi nisa ya juyo, masu babura na yi masa kirari suna cewa soja ya fito. Tumbi ya fara saɓewa, barci ya yi daɗi. Wani lokaci in ya sauke jakar ya ji bayan buhun ya yi ɗumi da guminsa, sai ya jingine shi a bango ya ce ai zai sha iska.

Ran nan ya yi nisa da gari, hadari ya taso daga gabas ba zato ba tsammani. Irin ruwan farkon nan ne da manoma ba sa yarda da shi, ya zubo kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke. Ba bukka ba inuwa. Kafin ya samu mai babur ya dawo da shi, shi da jakar sun jiƙe sharkaf.

A nan ya yi wautar da ta fi ta farko. Da ya shiga gida ya farke buhun ya shanya a tabarma, da an tsira da yawa. Amma shanyawa na nufin Nana Hadiza ta gani, shi kuwa ba ya son ya ji "ai na faɗa maka". Sai ya jefa jakar a but ɗin mota, ya ce in ya isa shago zai baza shi a baya. Ya tarar da shago cike, hada-hadar Sallah ta kankama, mata na jan atamfa ta ko'ina. Ya ce da yamma. Da yamma ya ce da safe. Motar kuwa tana rana tana dahuwa.

Wari ne ya sa shi buɗe but ɗin daga baya. Buhun ya kumbura, ya yi zafi kamar an sauke shi daga wuta. Da ya farke ɗinkin Gogo, geron ya dunƙule, na sama ya fito da fararen saiwoyi sun mutu, na ƙasa ya yi baƙi da fumfuna. Zaharaddin ya zauna a bakin but ɗin ya riƙe kai. Ya tsince 'yan ƙwayoyin da ya ga kamar sun tsira, ya zuba a gwangwani da ƙasa ya ɓoye bayan shago yana ba su ruwa. Ko ɗaya bai fito ba. Tun daga ranar bai ƙara goya jakar ba, kuma abinci ya daina yi masa daɗi.

Ruwan shuka ya sauka sosai, sai ga kiran Gogo ta wayar maƙwabcinta.

"Zaharaddini, ƙasa ta sha. Ka taho mani da irin nan gobe, kar danshi ya tahi."

Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To Gogo, in sha Allahu."

A ƙarshe dai ya je kasuwar hatsin. Ya bi buhu-buhu yana damƙa yana dubawa, ya zaɓi wanda ƙwayarsa ta fi kama. Ya wanke buhun Gogo ya shanya. Yana tsugune a bakin murhu yana kwasar toka Nana Hadiza ta tsaya a kansa. Ba ta yi masa gori ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

"Ka faɗa mata gaskiya, Baban Jannat. Za ta yi kuka, amma ka faɗa mata."

"Za ni faɗa. Sai na ga fuskarta tukuna."

Ya isa Rawayau da hantsi, ya tarar da ita a bakin gona da ƙwarya da sungumi, ta sha ɗamara. Idanunta sun yi yana, sai dai ta gane mutum da murya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye buhun. Ta shafa bakinsa da yatsu.

"Wannan ba ɗinkina ba ne."

Ga ƙofar faɗin gaskiya ta buɗe masa. Amma sai ya kauce mata.

"Na buɗe ne na ba shi iska, Gogo."

"Kai, Allah shi yi ma albarka! Haka ubanka yake yi." Ta cusa hannu ta damƙo, ta kai hanci ta ji ƙanshin toka, ta yi murmushi. "Ka san da na rasa wa za ni ba ajiyar nan, ɗiyana na cikina ma ban yarda da su ba. Na ce ɗan Lado ba shi wasa da abin ubanshi."

Ya karɓi sungumin daga hannunta don ya samu abin da zai sunkuyar da kai a kansa. Yana gaba yana sara, tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige, kowane rami da bisimilla. Tsohuwar da ko tafiyar kirki ba ta iya yi, yau ta bi layi har ƙarshe ba ta nemi hutu ba, tana ba shi labarin yadda ita da Lado suke tsaron tsuntsu a gonar nan suna yara. Shi kuwa kowane sara yana cewa a ƙarshen layin nan zai faɗa, su kai ƙarshe ya juya ya kama wani.

Da rana ta take suka zauna a gindin gawo. Ta jawo buhun, ta ɗebi abin da ya rage ta ƙulle a tsumma, ta lalubo hannunsa ta danƙa masa.

"Ni bana ce shukata ta ƙarshe, ƙahwahuna sun gama. Wannan naka ne, ka aje ma ɗiyanka, kar ka bari shi haɗu da na kasuwa. In Allah ya kai mu kaka, hurar hwarko da kai za mu sha ta. Ni ko ban gani, da na kurɓa na san geron Lado, babu mai zaƙinshi."

Zaharaddin ya sa hannu biyu ya karɓi ƙullin. Ta tsaya tana jiran ya ce wani abu, fuskarta cike da fara'a tana kallon inda take zaton fuskarsa take.

"Allah ya kai mu, Gogo," ya ce.