Wutar da Ta Koma Koriya

Babana Agosu mai gyaran firiji ne a Akpakpa, tsallaken gadar Kwatano. Ni ce 'yarsa ta uku, Fifame. A aji huɗu na bar makaranta, kuma tun daga nan nake riƙe masa jakar kayan aiki, don ba ni da bakin talla irin na yayyena. Ko gaishe ni baƙo ya yi, ƙasa nake kallo.

Shekara biyu ke nan da yanar ido ta soma rufe idon Baba. Hannunsa bai manta komai ba, da lalube yake gano inda bututu ya huje. Fitilar gwaji ce kawai ta gagare shi.

Tun da hukuma ta hana tsohon gas ɗin firiji, wanda aka ce yana cinye rufin da ke tace mana zafin rana a can sama, sai 'yan fasa-ƙwauri suka koma ɗura shi a tukwane, su yi musu shuɗin fentin sabon gas, su shigo da su ta kwalekwale. Ido ba ya bambancewa, sai fitilar. Wutarta shuɗiya ce, amma da ta shaƙi tsohon gas ta ɗan bututunta sai ta koma koriya. Wata rana na ga ta yi kore shar, Baba kuma ya ce wa mai kayan, "Lafiya lau." Kunya ta hana ni magana, sai na yi tari. Jin haka ya ce, "A'a, ɗauki kayanka." Ba mu taɓa tayar da zancen ba, amma daga ranar in na yi tari ya san abin da nake nufi. A unguwa kuwa cewa ake ba a yi wa idon Agosu wayo, kuma da wannan suna muke ci.

Ranar wata Talata Tanti Ablawa, shugabar mata masu kifi, ta kira mu mu ɗura gas a sabon injin ɗakin sanyinsu. Shekara uku matan suna adashi kafin su saye shi. A hanya Baba ya ce min in tsohon gas ya shiga injin nan, ba zai jitu da man da ke ciki ba, injin zai mutu da kifin mata talatin a ɗakin.

Muna isa muka tarar da tukwane biyu shuɗaye, da mai su zaune a kan guda yana cin soyayyar ayaba. Kawu Sosu ne, wan mahaifiyata.

"Suruki!" in ji shi. "Har yanzu kana yawo da fitilar nan kamar mai neman kuɗin da ya faɗi?"

"Kai kuma har yanzu kana sayar da iska kana ƙiba," in ji Baba.

"Rabin kuɗin kanti ya ba mu," Tanti Ablawa ta ce. "Arhar ce ta ba ni tsoro. Duba min, Agosu, ni idonka na yarda da shi."

An ɗauke wuta tun safe, janareta na ta ruri a bakin ƙofar ɗakin injin. Baba ya durƙusa dab da shi, ya kunna fitila, ya ɗan murɗa bakin tukunya. Wutar ta yi kore.

Na yi tari. Bai ji ba. Na sake yi da ƙarfi har maƙogwarona ya yi zafi.

"Ke 'yar nan, je ki sha ruwa mana," in ji Tanti Ablawa.

"Yana da kyau," Baba ya ce, ya kashe fitilar, ya shiga ɗaura tiyo a jikin injin.

In na yi magana, kowa zai san Baba ba ya gani. In na yi shiru, injin matan ya tafi. Ban san sa'ad da na tsallake tiyon na dafe bakin tukunyar da hannu biyu ba.

"Baba, kore ne."

"Lallai yau za a yi ruwa!" in ji Kawu Sosu. "Bebiya ta yi magana. Ke, cire hannunki daga kayana, ni na yanka miki kazar suna."

"Kore ne, Kawu," na ce, idona a ƙasa.

Wata daga cikin matan ta kashe janareta. Tanti Ablawa ta dubi Baba.

"Agosu, kai da ita wa zan ji?"

Da Baba ya ce yarinta ce ke damuna, da an yi dariya an wuce. Ya daɗe yana shafa fitilar, sannan ya miƙo min ita.

"Ita za ki ji. Ni na daɗe ba na ganin launin wutar nan. Fifame, kunna ki nuna musu."

Sai da na ɓata ashana uku kafin ta kama. Matan suka matso, suka ga shuɗi ya koma kore. Tanti Ablawa ta zaro wuƙar kifi ta karce jikin tukunyar, farin fentin tsohon gas ya bayyana a ƙarƙashin shuɗin. Kawu Sosu ya shiga rantsuwa cewa shi ma haka aka sayar masa.

"Sai ka faɗa wa 'yan kwastan wanda ya sayar maka," in ji ta. "Zauna nan ka ƙarasa ayabarka, suna zuwa."

Da la'asar muka ɗura gas ɗin da matan suka sayo a kanti mai lasisi, injin ya tashi.

Mama ta yi sati ba ta amsa gaisuwata ba saboda yayanta. Da labarin idon Baba ya bazu, otal biyu suka daina kiransa. Matan kifi kam ba su canja mai gyara ba. Yanzu in mun je aiki shi ke riƙe jaka a bakin ƙofa har in gama gwaji, sannan ya ce, "To, faɗa musu, kuma ki ɗaga murya." Har yau muryata na rawa in na faɗa, amma ana ji.