Kafson Salisu

Rashida ta juya robar maganin a hannunta, ta sake karanta rubutun da ke jikinta, sannan ta dubi mahaifinta. Malam Mudi yana kishingiɗe a zaure kusa da buhunan masara, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Wannan ne ya ƙare, Baba?"

"Shi ne. Ga bayan nan ya dawo, kamar ana sara na da gatari."

"Wanda na kawo maka daga asibiti fa?"

Ya yi tsaki. "'Yan fararen nan? Ai gara in haɗiyi tsabar gero. Na Salisu kuwa, kafin ya gama sauka cikina na ji baya ya saki."

Rashida ta sake duban robar. Da rana tsaka ta baro aikinta na jinya a Malumfashi, ta matsu a mota har Tsiga don an ce Baba ya kasa miƙewa. Ashe kafso mai ja da rawaya da yake kuka a kai bitamin ne, irin wanda take raba wa masu ciki kowace safiya.

Ta fita gindin darbejiya ta kira ƙanenta Salisu, mai sayar da yadi a kasuwar Funtua.

"Kai, me kake ɗura wa tsohon nan?"

"Yaya, ko gaisuwa babu?"

"Bitamin ne fa! Ba ya maganin ko ciwon farce!"

"Na sani," in ji shi. "Kin manta aman jinin da ya yi da damina? Likita ya hana shi ƙwayoyin kemis, ke ma kin hana shi. Ya ji? Ni kuwa na ce masa wannan daga Indiya aka kawo, in ya haɗa shi da wani magani sai dai a ɗauki gawa. Tun ranar bai sake taka kemis ba."

"Ubanka ka yi wa ƙarya, Salisu."

"To, ga ki ga shi. Gaya masa gaskiya. Ina da ciniki."

Ya kashe wayar.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ta san Baba ba ƙarya yake yi ba. Sauƙin yana jin sa da gaske. Ta sha ganin majinyaci ya daina nishi tun allura ba ta bar jikinsa ba. Amma a ce maganin gaske ya sha kaye a hannun kwanso mai launi? Kuma bayan nan da ya ƙi yarda a duba tun bara, wa ya san abin da ke cikinsa?

Da ta koma zaure, ta tarar ya sa hula, yana lalubar takalmi da sanda.

"Ina zuwa, Baba?"

"Kemis. Tunda na Salisu ya ƙare, ai babu abin da zai haɗu da wani. Gobe akwai sussuka, ba zan kwana haka ba."

"Ƙwayoyin nan su suka kusa kashe ka!"

"Rai na Allah ne." Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙura mata ido. "Na ga kina ta karatun robar kina ɓata fuska. Ke da kika sani, gaya mini tsakani da Allah: wani abu ne?"

Rashida ta dubi yadda ya dogara da sandar. Ta ji haushin Salisu, ta ji haushin Indiya, ta ji haushin kanta.

"Ƙarfinsa ne ya ba ni tsoro," ta ce. "Yana daɗewa a jini, ko ya ƙare ba a ɗora masa komai. Kuma yanzu doka ta hana a sake ba mutum sai an yi masa hoton baya."

Malam Mudi ya gyara hula.

"Hoton, a wajenku ake yi?"

"A wajenmu."

"To me muke jira? Nemo mana mota." Ya girgiza kai. "Yaron da bai yi nisa a boko ba shi ya samo magani, ke kuma sai yau kika san darajarsa."

Ta jefa robar a jaka, ta fita tsayar da mota.