Hannun Mai Dakan Yaji

Hajiya Sa'adatu ta unguwar Utaibiyya a Makka, mai dakan yajin tsire, ba ta taɓa zaton za ta koma ɗaliba da furfurarta ba. Ɗanta Nasir ne ya jawo.

Bara ya zo Umra daga Danmak da 'yarsa Ghada, 'yar shekara biyar, ba Hausa ba Larabci. Duk sanda Hajiya ta rungume jikar, sai Nasir ya yi murmushi ya ce, "Vask dig," yarinya ta sulale ta bar ɗakin.

"Me kake ce mata ne?"

"Albarka nake sa mata, ya ummi."

Da suka koma, kewar jika ta ishe ta, ta sa aka saka mata darasin yaren Danmak a waya. Tana daka tana maimaitawa, harshe na sarƙewa, maƙwabta na dariya. A wata na uku aka iso kan abin da mutum ke yi wa kansa: zauna, kwanta, yi sauri. Sai muryar cikin wayar ta ce, "Vask dig," ga hoton mutum gaban famfo. Wato je ki wanke jikinki.

Taɓarya ta tsaya cak. Au! Ashe hannun da ya daka yajin da ya kai shi jami'a shi ne ƙazanta? Ta yi kuka mai isarta, ta share, ta rantse sai ya ɗanɗana. Ko a waya ba ta nuna masa ba. Ta ci gaba da karatunta kamar mai wasa wuƙa.

Bana ya dawo da Ghada, falo cike da dangi. Ya durƙusa ya sumbaci hannunta, yadda 'ya'yan Makka ke gaida uwa. Ta bari ya gama. Sannan ta jawo buta da tasa, ta wanke hannun da sabulu sau uku, a tsanake, idonta cikin nasa.

"Jeg vasker mig," in ji ta. Ina wanke kaina.

Nasir ya sunkuyar da kai, gumi ya karyo masa.

Ghada kuwa ta zaro ido, kaka na jin yarenta! Hajiya ta bubbuga cinya.

"Sæt dig." Zauna.

Yarinya ta dubi uban. Ta haye cinyar kakarta ta zauna har aka kira Magariba, rigarta duk ƙamshin yaji, kuma babu wanda ya isa ya tura ta famfo.